Shekarar da Irinmu Ya Tsaya Takara

Shekaranjiya ruwan shuka ya sauka. Tun da hantsi hadari ya haɗo daga gabas, iska ta fara kwashe wa mata faya-fayai a tsakar gida, sannan ya zuba kamar da bakin ƙwarya. Da ya ɗauke na zaga bayan gida na tona ƙasa da hannu, na tarar laima ta kai inda ake so. Ina nan tsugune ina shaƙar ƙamshin nan da ke sa tsoho ya manta da ciwon gwiwa, sai ga wata mota ta ratso cikin taɓo da lasifika a kanta, ana ta kiran sunan wani bawan Allah da ban taɓa gani ba, wai shi ne zai share mana hawaye. Ni dai a lokacin ba kuka nake yi ba. Suka miƙa wa kowane gida ledar taliya, suka yi gaba.

Larai, matata, ta ɗauki tata ta jujjuya, ta ce, "Malam, wannan in an shuka tana fitowa?"

Na ce, "Sai ki tambayi Habu."

Ba ta yi dariya ba. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan, sunan nan bai taɓa ba ta dariya ba. To, tunda gwiwa ta hana ni bin masu sungumi, bari in zauna in rubuta muku abin da ya sa.

Ni ba malami ba ne. A aji huɗu babana ya cire ni daga firamare, saboda a ganinsa awaki sun fi hedimasta buƙatata. Amma ina karanta Hausa, ina kuma da rediyo tun lokacin da rediyo yake da daraja, don haka a ƙauyenmu ni ne masanin siyasar duniya. In aka yi juyin mulki a ƙasar da ba wanda ya san inda take, ƙofar gidana ake zuwa a ji ko zai shafi farashin kananzir. Taubashina, Sarkin Noma Ɗanjuma, Allah ya ji ƙansa, bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai Minista.

Ƙauyen namu yana ƙasar Daura. Gabas da gari akwai tafki, bagaruwa ta kewaye shi. Tafkin nan shi ne arzikinmu da rani, shi ne kuma masifarmu da kaka, domin a bagaruwar nan jan-baki suke kwana. In ba ka san jan-baki ba, ka gode wa Allah. Ɗan tsuntsu ne da bai kai loma ba, amma ba ya zuwa shi kaɗai. In suka taso sai ka ɗauka hayaƙin gobara ne. Su sauka a gonar gero, kafin ka lalubo takalminka sun gama.

Shi ya sa kakanninmu suka riƙe wani gero da muke kira gargasa. Zangarniyarsa gashi gare ta, tsini-tsini kamar bayan bushiya. Jan-baki in ya kai baki sai gashin ya tsokane masa ido, ya tashi ya nemi gonar wasu. Ba shi da yawan ƙwaya, mata kuma ba sa ƙaunar sussukarsa saboda ƙaiƙayi. Amma mu kan girbe hatsi a shekarar da wasu suke girbin kara. A duk garuruwan da ke kusa, mu kaɗai muke shuka shi, don mu kaɗai tsuntsu ya zaɓa ya yi maƙwabtaka da mu.

Ƙa'idar gari kuwa ita ce, iri ba ya kwana a gidan kowa. Da kaka kowane magidanci zai shiga gonarsa ya zaɓi zangarniyar da ta fi cika, ya ɗaure daminsa daban, ya kai babban rumbun da ke kusa da tsamiyar masallaci. Sarkin Noma zai jera su, ya barbaɗa toka saboda ƙwari, ya liƙe bakin rumbun da yumɓu. Ba mai ƙara taɓawa sai ranar da ruwan shuka ya sauka. An ce tun wata yunwa ta zamanin kakanni aka kafa haka, da aka lura ko mutumin kirki ne, in yaransa suka kwana suna kuka, zai sauke irinsa ya ba mata su daka. Sai aka nesanta iri da turmi.

A shekarar da nake ba ku labari, damina ta yi mana rowa. Ruwa ya ɗauke gero yana tsakiyar ɗaukar ido. Abin da muka girba kowa ya san ba zai kai shi wata damina ba, amma duk da haka aka fara cire na iri, aka cika rumbu, aka liƙe. Azumi ya zo daidai bayan girbi. Muka yi shi cikin sauƙi, rana ba zafi, kunu da ɗan ƙosai, mata suna ta auna hatsi da ido suna rage hannu.

Shari'a kuma tana da ɗuminta a lokacin. Wanzamai suka rasa rabin cinikinsu saboda kowa ya saki gemu, wanduna suka ɗage, ɗan gidan giyar da ke bayan tasha ya koma shagon kayan babur. Kuma wallahi murna muka yi ta gaske. Mun ɗauka an kama ƙarya an ɗaure ta, ba za ta ƙara fitowa ba. A kasuwa in mutum ya rantse maka, sai ka daina tayawa ka biya.

Bayan ƙaramar Salla Habu ya zo mana da maganarsa.

Habu ɗan marigayi Mamman ne, abokina na ƙuruciya, don haka Baffa yake ce mini. Hedimasta ne a wata firamare kusa da mu. Kada in rage masa abin da yake nasa: shi ya yi ta zirga-zirga har aka yashe mana rijiya, shi yake ɗaukar mai naƙuda a babur ɗinsa zuwa asibiti, bai taɓa karɓar kuɗin mai ba. Ya tara mu a gindin tsamiya bayan la'asar, ya ce yana son ya tsaya takarar majalisar tarayya, wadda take zama a Abuja. Ya ce a jam'iyyarsu mutum ɗaya ne a gabansa, wani ɗan kwangila da ake ce wa Alhaji Mai-tireloli.

Wani ya ce, "To ka tsaya mana. Wa ya riƙe ka?"

Habu ya ce, "Aljihu. Kafin a rubuta sunanka sai ka sayi fom. Sai fosta, sai motar yawo, sai abincin masu rakiya. Na sayar da babur ɗina da gonar da na gada, ba su kai ba. Ku saurare ni da kyau. Duk wanda ya biya wa mutum kuɗin takara, shi ne ubangidansa in ya ci. In masu kuɗi suka biya mini, nasu ne ni. In ku kuka biya, naku ne ni, in na yi ba daidai ba ku kamo kunnena. Alhaji yana da tireloli. Ni ku nake da su."

Maganar ta shige mu. Ni kaina, da duk iliminmu na rediyo, ban taɓa jin an faɗe ta haka ba. Sai dai mu me muke da shi? Idanu suka fara juyawa ɗaya bayan ɗaya, suka sauka a kan rumbu.

Sarkin Noma ya ce, "Ku daina kallonsa, ba amarya ba ce."

Habu ya tsuguna a gabansa, ya ce, "Baba Sarki, aro ne. Yanzu kaka ce, damina da nisa."

"In ka faɗi fa?"

"Ko na ci ko na faɗi, kafin hadarin farko zan cika shi."

"Da me? Da alli?"

Aka yi dariya. Habu bai yi ba. Ya tashi ya yi alwala a gabanmu, ya ce Liman ya ɗauko Alƙur'ani. Liman ya ce abin bai kai nan ba, Habu ya ce ya kai. Ya dafa ya rantse.

Da gardama ta ƙi ƙarewa, Mai-gari ya ce shi ba zai yanke ba, rumbu na kowa ne, kowa ya yanke da ƙafarsa. A yi ƙato bayan ƙato, kamar yadda muka taɓa yi a wani zaɓe zamanin soja. Mai son a buɗe ya yi layi a bayan Habu, wanda ba ya so ya yi layi a bayan Sarkin Noma. Ba akwati, ba tawada, kowa yana ganin ƙeyar ɗan'uwansa. Layin Habu ya miƙe har ya kusa kai bakin rijiya. Na Sarkin Noma kuwa tsofaffi ne 'yan kaɗan, ɗaya daga cikinsu ma kurma ne, ya bi ne don ya ga inuwa ta fi yawa a can.

Ni a ina na tsaya? Minista guda ai ba a ganinsa a layin marasa rinjaye.

Sarkin Noma ya hango ni, ya ce, "Minista, har da kai?"

Na ce, "Sarki, wannan ita ake kira dimokuraɗiyya."

Ya ce, "To ka ajiye mini mudu guda, in ɗanɗana da damina."

Amma da yake jama'a ta yanke, shi da kansa ya hau ya fasa yumɓun, bai bari kowa ya taya shi ba.

Mata ba a kira su layi ba. An dai kira su sussuka. Kwanaki suka yi suna dukan gargasa a bayan gari, ƙaiƙayi ya cika musu wuya da hannuwa, yara suna ta atishawa. Larai ta dawo jikinta duk ya yi burɗin-burɗin, tana susa tana cewa, "Malam, da za ku yanke, ba ku tuna da mu ba. Da za a daka, kun san ƙofar ɗakinmu." Na yi mata bayanin yadda ake yi a ƙasashen da suka ci gaba. Ta ce in je can in ci tuwo. Aka ɗura a buhuna, aka kai kasuwar Mai'adua aka sayar, aka damƙa wa Habu kuɗin a gaban Liman.

Ba a jima ba hoton Habu ya bayyana a jikin kowace bishiya. Ya yi kyau ƙwarai, yana nuna sama da ɗan yatsa. Duk inda na ga hoton sai in ji kamar nawa ne, in awaki suka fara cin gefensa in kore su.

Ranar fid da gwani muka yi hayar babbar mota muka tafi Daura, da sanyin safiya, kowa ya ƙudundune a mayafi. Shirinmu mai sauƙi ne: mu je mu yi layi a bayan Habu kamar yadda muka yi a gida, a ga tsawonmu, a ba shi. Har da mutanen ƙauyukan kusa, waɗanda suka ba da tumaki da wake. Muka isa ƙofar filin, 'yan sanda suka tare mu.

Ɗaya ya ce, "Ku daliget ne?"

Aka turo ni gaba, tunda ni ne Minista. Na gyara murya na ce, "Mu ne masu ɗan takarar. Mu muka biya."

Ya ce, "Baba, ba wanda ya biya ake tambaya ba. Daliget kaɗai ke shiga."

A nan na ƙaro ilimin da rediyo bai ba ni ba. Ashe ba jama'a ke zaɓar wanda jam'iyya za ta tsayar ba. Wasu 'yan mutane ne daga kowace mazaɓa, su ake kira daliget, su za su shiga su zaɓa a madadin kowa. Mu namu sai daga baya, in an gama dafawa an zuba, a ce mu zaɓi akushi. Muna nan tsaye sai ga motoci sun kawo su. An ce sun yi kwanaki a wani masauki a Katsina, ba mai ganinsu. Suka sauko ɗaya bayan ɗaya, dukansu cikin sabuwar shadda iri ɗaya, ko karin guga bai baje ba. Na gane namu na mazaɓarmu, mutumin da na san rigarsa ɗaya tun auren fari. Na ɗaga masa hannu, ya duƙar da kai kamar yana neman allura.

Muka zauna a gindin katanga. Sanyi ya tafi, rana ta fito ta gasa mu, muka sayi rogo da ƙuli muka ci. Can bayan azahar lasifika ta yi kara, aka ce alhamdu lillahi an yi maslaha, ba sai an jefa ƙuri'a ba. Malam Habu, saboda kishin jam'iyya da son zaman lafiya, ya janye wa yayansa Alhaji. Aka buɗe ƙofa, sai ga Habu ya fito riƙe da hannun Alhaji ya ɗaga shi sama, da ɗan yatsan nan da yake nuna mana sama a hoto.

Ya zo wurin motarmu daga baya. Ba wanda ya sauko. Ya tsaya a ƙasa yana kallonmu, ya ce, "Baffa, ku fahimce ni. An riga an saye daliget. Da na tsaya, faɗuwa zan yi, ku tashi a tutar babu. Yanzu ina ciki. Alhaji ya yi mini alkawarin muƙami, daga ciki zan fi yi muku aiki."

Na ce, "Habu, rumbu fa?"

Ya ce, "Haba Baffa, rantsuwa fa na yi. Iri zai zo kafin ruwa, har da taki."

Sarkin Noma bai je Daura ba. Da muka ba shi labari, abin da ya ce kawai shi ne kowa ya koma ya ware 'yan zangarniya daga na ci, ya rataye a ɗaki. Muka rataye.

Sai bazara ta shigo. Ban taɓa ganin irinta ba. Iska ta tsaya cik, kwano in ka bar shi a rana ba ka iya ɗauka, kaji suna yawo baki buɗe. Tafki ya janye ya bar laka tana tsagewa. Rumbunan gida suka fara amsa kuwwa tun kafin lokacinsu. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini, daga nan ya koma kunu, kunun ma ya tsinke har kana hango gindin ƙwarya. Samari suka tafi ci-rani. Mata suka shiga daji neman yaɗiya, a dafa a kwaɗanta da ɗan ƙuli. Wanda ya sayar da akuya ya auno garin rogo. 'Yan zangarniyar nan da muka rataye kuwa, kukan yara ne ya sauko da su, gida bayan gida. A gidana ranar da aka sauke, Larai ba ta tambaye ni ba, ni ma ban tambaye ta ba. Na ji ƙarar turmi, na fita na bar gidan. Kowa yana cewa ba komai, ai Habu ya rantse.

A tsakiyar wannan zafi aka yi babban zaɓe. Da sassafe wakilan jam'iyyu suka bi gida-gida da sabulu da gishiri. Muka yi layi a filin makaranta, rana tana dukan tsakiyar kai kamar da taɓarya. A takardar ba sunan Habu, ba hoton kowa ma, sai alamun jam'iyyu. Zaɓi biyu ne a gabanmu: Alhaji, wanda Habu yake cikinsa da irinmu, ko wani da ba mu taɓa gani ba. Muka dangwala wa Alhaji, muna dangwala wa rumbunmu. Sarkin Noma ya ƙi fitowa, ya ce shi ya riga ya yi zaɓensa a gindin tsamiya kuma ya faɗi. Amma da aka kawo labarin sakamakon akwatinmu, sai aka ce ba wanda ya rage bai jefa ba. Na je na taya Sarkin Noma murna, na ce ashe ta bayan gida ya zaga. Har Mamman, uban Habu, da ya daɗe a ƙasa, ya taso ya yi wa ƙasarsa hidima.

Alhaji ya ci. Habu ya zama mai ba shi shawara na musamman kan harkar noma. Ya yi mota, ya koma Katsina da zama.

Ruwan shuka ya sauka da wuri a shekarar, mai kyau, irin na shekaranjiya. Da asuba maza suka fito da sungumi bisa al'ada suka nufi rumbu, sai a hanya kowa ya tuna. Muka tsaya cirko-cirko. Ƙasa tana ƙamshi, garuruwan kusa muna hango su sun duƙufa, mai sara yana gaba, mai binnewa yana baya. Mu kuwa muna tsaye muna kallon hanyar mota. Aka aika wa Habu, aka ce yana Abuja. Aka sake aikawa, aka ce yana taro. Laima ta bushe. Masu ɗan hali suka auno geron kasuwa da tsada suka zuba. Sauranmu muka jira.

Sai da wasu suka fara noman firi, wato noman farko, sannan mota ta zo. Buhuna ne farare, kowanne da hoton Alhaji yana murmushi. Irin ciki an shafe shi da jan magani, direban ya ce kada yara su taɓa. Taki kuwa, aka ce yana hanya. Habu bai zo ba, ya aiko da gaisuwa. Sarkin Noma ya ɗebo ya murza a tafin hannu, ya ce, "Wannan mai gashi ne?" Direban ya ce shi dai an ce masa na zamani ne, daga wurin masana.

Muka shuka, don ba mu da wani. Kuma gaskiya ya fito da kyau. Kore shar, kara kamar rake, zangarniya doguwa, sumul kamar an yi mata aski. Yunwar tsakiyar damina ta zo, muka ci tafasa da rama har bakinmu ya yi kore, muna kallon gonakin muna haɗiyar yawu. Na fara cewa Sarkin Noma, "Ka ga aikin ilimi?" Ya ce, "Na gani. Su ma na kan bagaruwa sun gani."

Geron wasu ya riga namu nuna, aka girbe aka kai gida. Namu da aka shuka a makare shi kaɗai ya rage a fili, yana madara. Ran nan da hantsi muka ji wani ƙugi daga wajen tafki, jan-baki suka taso, rana ta dusashe. Duk garin ya fita, maza da mata, tsofaffi da masu ciki. Muka buga gwangwani, muka kaɗa ƙwarya, muka yi ihu har murya ta dishe, muka yi jifa da majajjawa har kafaɗa ta sage. Ka kore su nan su sauka can. Kwana da kwanaki muna yini a gona, ba mai komawa gida sai duhu ya kore su. Ko tumu ɗaya ban gasa ba a shekarar. Da suka gama suka tafi, zangarniya tana tsaye tsaf, doguwa, fara fat, ba ƙwaya ko ta magani.

Ni da Sarkin Noma muka tafi wurin alƙali. Ya saurare mu da kyau, Allah ya saka masa. Ya ce, "Fasa rumbun ya yi?" Muka ce a'a. "Da dare ya ɗiba?" Muka ce da rana tsaka, mu muka buɗe, matanmu suka sussuka. "Iri ya kawo ko bai kawo ba?" Muka ce ya kawo, bayan lokaci ya wuce. Sai ya ce wannan ba sata ba ce. In muna so a nemi diyyar jinkiri, sai mu kawo shi. Rantsuwarsa kuwa, akwai Wanda ya rantse da Shi. Muka fito. A hanya na ce wa Sarkin Noma, ashe wanda ya ja akuya ɗaya an san yadda za a yi da shi, wanda gari guda ya yi layi ya miƙa masa sai dai a bar shi da Allah. Ya ce, "Minista, yau dai rediyonka ya kama tasha."

Ba mu kawo Habu ba. Shi ya kawo kansa.

Bayan kaka aka aiko wai mu share gindin tsamiya, Mai ba da shawara zai zo da 'yan jarida su ga amfanin irin da Alhaji ya raba. Muka ɗauka ba'a ce. Sai ga shi kuwa, ya yi ƙiba, wuyansa ya cika riga. A bayansa babbar mota shaƙe da damman gero. Mata suka fara guɗa, sun ɗauka taimako ne. Ma'aikata suka sauke, suka jera a gaban rumbunmu, suka yi tsari mai kyau. Aka ce dattawa su matso su tsaya a bayan Habu a ɗauki hoto.

Sarkin Noma ya matsa. Bai kalli mai hoto ba, dami yake kallo. Ya sa hannu ya shafa wata zangarniya, ya janye da sauri, ya duba yatsansa. Gashi ne ya soke shi.

Ya juya wurin direban, ya ce, "Ɗana, daga ina wannan?"

Direban ya ce, "Daga gonar Alhaji ta bakin fadama. Bara yaransa suka samo irin a Mai'adua. An ce tsuntsu ba ya taɓa shi."

Duk wanda yake kusa ya ji. Mai hoto ya ce mu yi murmushi.

Da aka gama, ma'aikata suka fara mayar da damman cikin mota. Guɗar mata ta tsaya. Sarkin Noma, mutumin da ban taɓa ganin ya roƙi ko goro ba, ya je gaban Habu, ya ce, "Habu, dami ɗaya. Ba na ci ba. Na iri."

Habu ya kalli 'yan jaridar, ya rage murya, ya ce, "Baba Sarki, ba nawa ba ne. Aro aka yi, yadda aka ɗauko haka za a mayar. Ka bari in yi wa Alhaji magana."

"Zangarniya ɗaya fa?"

"Zan yi masa magana, in sha Allahu."

Ya shiga mota ya ɗaga gilashi. Suka tafi.

Inda aka jera damman, 'yan ƙwayoyi sun kakkaɓe sun zube a cikin rairayi. Kaji sun riga kowa gani. Sarkin Noma ya durƙusa da ƙyar, ya cire hularsa ya ajiye a ƙasa, ya fara tsinta ɗaya-ɗaya yana hurawa.

Ya ce, "Minista, tsayuwa za ka yi? Kore mini kajin nan."

Na kore su. A iya sanina shi ne babban aikin da na taɓa yi wa ƙasata. Sannan na durƙusa kusa da shi, wasu tsofaffi ma suka zo, muka yi ta tsinta har aka kira magariba. Abin da muka samu bai rufe gindin hular ba. Ya juye a gefen rigarsa ya ƙulle tamau, ya dafa kafaɗata ya miƙe. Rumbun yana nan a gabansa, bakinsa a buɗe. Ya wuce shi bai ko waiwaya ba, ya nufi gidansa da irin.